Igiyar Baba Mizhir

A Abul-Khasib aka binne cibiyata,
kudu da Basra, inda kogi ke numfashi sau biyu a yini,
ya cika magudanai, ya koma,
ya sake cikawa, ya koma,
ba wanda ya ja guga, ba wanda ya roƙe shi.

Babana Mizhir mahayin dabino ne.
Tafin ƙafarsa ya fi jikin itacen kaushi.
Watan Maris na kamawa sai ya ɗaura igiya a ƙugu,
ya hau namijin, ya yanko fure mai farin gari,
ya bi matan ɗaya-ɗaya yana soka musu a tsaka.
Yakan ce: "Iska ma tana wannan aiki,
sai dai malalaciya ce, ga mantuwa."

Ɗari uku da goma sha ɗaya, duk ya san halinsu.
Ga Barhi da ake ci tun tana rawaya, ƙaras-ƙaras,
ga Hillawi mai gaggawar nuna,
ga Sayir ta buhu, ta jirgin ruwa.
Can gindin katanga akwai wata karkatacciya,
Gurguwa yake kiranta,
ita ce kuwa ta fi kowa nauyin nono.

Gidanmu kaf daga jikinsu ya fito:
azarar ɗaki, tabarmar da na koyi rarrafe a kai,
mafici, tsintsiya, kwandon kifi,
akurkin kajin Inna Hashmiya.
Gindin reshe na murhu ne.
Zaren wuya a tufka shi igiya,
igiyar nan ce ke mai da Baba can ƙololuwa,
itace ya ba da abin hawan kansa.
Ƙwallo ma a jiƙa, a ba saniya.
Da kaka Inna ta dafa, ta tace, ta sake dafawa
har ya zama baƙar zuma,
mu kwaɓa da niƙaƙƙen riɗi,
mu dangwala gurasa, sanyi na cizon yatsu.

Yaƙi ya zo ina 'yar shekara tara.
Da muka dawo, rabin gonar na tsaye ba kawuna,
kamar turakun da aka manta abin da za a ɗaure musu.
Baba ya dafa ɗaya ya ce:
"Wannan itace ɗan'uwan mutum ne,
in kai ya tafi, ba ya toho."
Bai ƙara magana ba har magariba.

Abin da wuta ta bari, gishiri ya zo lasa.
Teku ta zuro harshe cikin kogi,
bakin magudanai ya yi fari,
'ya'ya suka riƙa zubowa tun suna kore.
Bara yayana Samir ya kawo wani mai igiyar awo,
suka yi ta lissafin fuloti da buhunan siminti
a inuwar da suke shirin sarewa.
Ban zarge shi ba. 'Ya'yansa biyar.

Daren da ya rage, Baba na kwance, gwiwa ta ƙi,
ya ce: "Je ki gindin Gurguwa, tana da ɗiya.
Kada ki fizga.
Tona har ki ga inda suka haɗu,
ki sara sau ɗaya, da ƙarfe mai kaifi."
Na sara sau uku. Ban gaya masa ba.

Na naɗe ta a jiƙaƙƙen buhu,
na rungumo ta a motar haya zuwa Kurna,
inda ruwa bai riga ya yi ɗaci ba.
Direba ya caje ni kuɗin mutum biyu,
ban yi gardama ba.

Shekara biyar, aka ce, kafin ta haihu.
Baba ya ƙirga a yatsu, ya yi dariya,
ya jawo igiyar daga ƙarƙashin matashi.
Ta yi mini yawa a ƙugu.
Na ƙulla ta sau biyu, na rataye bayan ƙofa.
Ɗiyar Gurguwa yau ta kai mini ƙirji,
kuma, wallahi, ta fara karkata.